Wa ke biyan dillali? Yadda ake auna amanar masu dillancin gidaje a birni

A babban birni da wuya mutum ya san dillalin da zai yi hulɗa da shi. Lambar waya ya gani a jikin allo ko a shafin intanet, ya kira, aka sa lokaci, washegari ga shi tsaye a ƙofar wani gida tare da baƙon da bai san asalinsa ba, suna maganar kuɗin da ya shekara goma ko ashirin yana tarawa. Babu mai ce masa ai wane ɗan gidan wane ne, mun san halinsa. Abin da ke gabansa fara'a ce da mota mai sheƙi da ofis mai sanyi, kuma duka ukun ana iya aronsu na yini guda.

Dillancin gidaje sana'a ce mai amfani, ba na cikin masu yi wa dillalai kuɗin goro. Dillali nagari ya san farashin da gidaje suka tashi a kai a unguwa, ya san layin da ruwa ke kwanciya, ya san takardar da za ta ba da wahala, kuma yana iya sasanta mutum biyu da kowannensu ke zargin ɗan uwansa. Matsalar tana cikin yadda sana'ar take. Ya fi ka sanin kasuwa nesa ba kusa ba, sannan galibi ba ya samun ko sisi sai ciniki ya faɗa. Wanda ya haɗa waɗannan biyun kullum a cikin jarrabawa yake, ko da mutumin kirki ne.

Shi ya sa tambayoyi biyu suka fi komai amfani wajen auna shi. Wa ke biyansa, nawa, kuma yaushe? Sannan cikin abin da ya gaya maka, nawa ne ya sakar maka hanya ka je ka tabbatar da kanka, ba ta hannunsa ba?

Lissafin la'ada

Mu ɗauki gidan da aka sa wa miliyan 100, ko da kuɗin wace ƙasa ne. A ce la'adar ɓangaren mai sayarwa kashi 3 cikin ɗari ce, kamfanin da dillalin ke wa aiki kuma yana ɗaukar rabi. Abin da zai shiga aljihunsa ke nan miliyan 1 da rabi. Sai wani ya taya miliyan 96 yau, alhali akwai alamar in an ƙara haƙurin wata guda za a sami mai biyan 100. In an jira, mai gida zai ƙaru da kusan miliyan 4. Dillali kuwa dubu 60 kacal zai ƙaru da ita, bayan wata guda na kai-komo da buɗe ƙofa da amsa waya, ga fargabar kada cinikin ya watse ya tashi a tutar babu. To, in ya ce maka "Ranka ya daɗe, a sallama, kasuwa ba ta da tabbas," mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa kuma lissafin aljihunsa ne ke magana.

An auna wannan da alƙaluma. Masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Shikago, Steven Levitt da Chad Syverson, sun bi cinikin gidaje kusan dubu 100 a kewayen birnin, suka wallafa sakamakon a 2008. Sun gano cewa idan gidan na dillalin ne da kansa, yakan bar shi a kasuwa ƙarin kwana 9 da rabi, ya kuma sayar da shi da ƙarin kusan kashi 3.7 cikin ɗari a kan makamancinsa na abokin hulɗa. Wato yana da haƙurin jira, amma ya fi yin sa a kan nasa.

Maganin abin shi ne ka nemi hujja duk lokacin da aka ba ka shawara a kan farashi. Ya kawo maka gidaje uku da aka sayar cikin wata shida da suka wuce, a unguwa ɗaya, masu kusan girma ɗaya da shekaru ɗaya, tare da kuɗin da aka biya a zahiri. Farashin da aka rubuta a talla ba hujja ba ne, kowa na iya rubuta abin da ransa ke so. Ka kuma tambaye shi mutum nawa suka zo ganin gidan, me suka ce, me ya hana su tayawa. Wanda yake aiki da gaske yana da waɗannan a rubuce, minti biyu ya ishe shi ya turo maka.

Kafin ka ba wa kowa gidanka, kira dillalai uku daga kamfanoni daban-daban su yi masa kuɗi. In biyu suka ce tsakanin 90 da 95, na uku ya ce 115, kada daɗi ya kwashe ka. Sa hannunka yake nema. Da zarar ka ɗaure kanka da yarjejeniyarsa, bayan mako uku zai kira ya ce kasuwa ta yi sanyi, a rage. Ɓarnar da ya yi maka ta wuce ɓata lokaci, domin makonnin farko su ne lokacin da masu saye na gaske suka fi leƙa sabon talla. Gidan da ya daɗe a kasuwa ana ta zaftare masa farashi, mutane sukan fara tambayar me ke damunsa, daga ƙarshe a sayar da shi ƙasa da 90 ɗin da masu gaskiyar suka faɗa tun farko.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi muni. Dillali ya karya wa gida daraja, cikin kwana biyu ya kawo mai saye tun ba a yi talla ba, bayan wata uku ka ga gidan ya dawo kasuwa da sabon fenti da sabon farashi. Mai sayen nan ƙaninsa ne, ko abokin kasuwancinsa, ko wani kamfani da yake da hannu a ciki. Dokar dillalan gidaje ta Birtaniya ta 1979 ta wajabta wa dillali ya bayyana duk wata maslaha tasa ko ta makusantansa a cikin ciniki. Ko a inda babu irin wannan doka, ka yi tambayar a rubuce, ya amsa a rubuce. Mai niyyar ha'inci yana iya yin ƙarya da baki ba ko gezau, amma hannunsa yakan yi nauyi wajen rubutawa.

Wani salon kuma yakan zo da daɗin ji: "Faɗi abin da kake so ya shigo hannunka, abin da ya hau kai nawa ne." Mai gida sai ya ga ya huta da lissafin la'ada. Jihohin Amurka da dama sun haramta wannan tsari, kuma da dalili. Ribar dillali a nan tana ƙaruwa ne gwargwadon rashin sanin mai gida, don haka dole ya ɓoye wa ɓangarorin biyu farashin gaskiya. Alamarsa ba ta ɓuya: zai yi ta hana mai saye da mai sayarwa haɗuwa, ko ka ga kuɗin da ke cikin takarda ya saɓa da wanda aka biya. Farashi ɗaya ya kamata a gani, a takarda ɗaya, da sa hannun mutanen biyu, la'ada kuma a layinta daban.

Wannan ɗorin yakan yi ƙamari idan dillalai suka yi jerin gwano a kan gida ɗaya, wannan ya ji daga wancan, wancan daga wani, kowa ya ɗora nasa. Na huɗu a layin bai taɓa ganin mai gidan ba, ba zai iya ba ka amsar komai ba sai ya yi waya. Tambayar da ke yanke wannan ita ce: wa ya ba ka gidan nan, ina takardar izininka? A Faransa, tun dokar 1970, dillalin da ba shi da izinin mai dukiya a rubuce ba shi da haƙƙin la'ada.

Sai batun wanda ke tsaya wa mai saye da mai sayarwa a lokaci guda. Mai gida ya gaya masa mafi ƙarancin abin da zai karɓa, kai ka gaya masa iyakar abin da za ka iya biya, ya riƙe sirrin biyu, kuma zai ci la'ada biyu in ya haɗa ku. Ba yadda za a yi ya nema wa ɗaya tsada ya nema wa ɗaya araha a ciniki guda. Jihohin Amurka irin su Florida da Kolorado sun hana wakilcin ɓangare biyu, lardin British Columbia na Kanada ma ya hana shi a 2018 in ban da wasu wurare masu nisa. Inda doka ta yarda, mafi ƙarancin ladabi shi ne ya sanar da ku duka tun ranar farko. In ya sanar, ka ɗauke shi ɗan aike mai kai saƙo, kada ka ƙara gaya masa iyakar ƙarfinka.

Mai saye ya riƙe wannan: dillalin da ya buɗe maka ƙofa yana yi maka fara'a, galibi ma'aikacin mai gida ne. Kuma ko naka ne, in dai la'adarsa kaso ce daga farashi, yawan abin da ka biya yawan abin da ya samu. Rikici a kan wa ke biyan wa ya kai ga kotu a Amurka. Bayan hukuncin wata kotu a jihar Missouri a 2023, babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar ta amince a 2024 ta biya dala miliyan 418, aka kuma wajabta wa mambobinta su yi yarjejeniya a rubuce da mai saye, mai ɗauke da adadin la'ada, kafin su kai shi ganin gida. Jamus ta bi ta wata hanya: tun 2015, a harkar haya, wanda ya ɗauko dillali shi ke biyansa.

Lasisi, rajista da suna

Wannan ɓangaren ba ya cin lokaci, amma mutane sun fi tsallake shi. Ka nemi cikakken sunan dillali da lambar lasisinsa, ka shiga shafin hukumar da ke kula da sana'ar da kanka ka duba: sunan ya dace, lasisin bai ƙare ba, ba a taɓa hukunta shi ba. Hoton satifiket da ya turo maka ta waya ko wanda ya rataye a bango ba ya wadatarwa. A kuma bambance rajistar kamfani da lasisin sana'a. Rajistar kamfani tana nuna an buɗe kamfani ne kawai, ba ta ce komai a kan cancantar masu shi ba.

Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Afirka ta Kudu dillali sai ya riƙe takardar shaidar asusun lamuni da hukuma ke bayarwa, wato asusun da ke biyan abokin hulɗa in dillali ya ci kuɗinsa, in babu ita ba shi da haƙƙin la'ada. A Indiya dokar 2016 ta sa dillalan da ke tallar sababbin gine-gine masu rajista su yi rajista da hukumar jiharsu. A Ingila ba a buƙatar lasisi, amma dole dillali ya shiga ɗaya daga cikin tsare-tsaren sauraron koke da gwamnati ta amince da su. Ka san wanda ya shafi inda kake. Zama ɗan ƙungiya ma yana da ɗan amfani, domin akwai inda za ka kai ƙara, amma kada a ɗora masa nauyin da ba zai ɗauka ba. Ƙungiyar Amurkan da ta amince ta biya waccan diyya tana da kundin ɗa'a tun 1913.

Kamfani daban, ma'aikacinsa daban. A manyan kamfanoni da yawa dillalan ba 'yan albashi ba ne, kowa cin gashin kansa yake yi a ƙarƙashin sunan kamfanin, wasu rassan ma sunan kawai suka saya. Saboda haka ka tambayi wa ke sa ido a kan wannan dillalin, wa za ka kira in an sami matsala, kuma ko kamfanin yana da inshorar da ke biyan abokin hulɗa idan kuskurensu ya jawo masa asara. Ka nemi a haɗa ka da mutum uku da suka yi hulɗa da shi cikin shekarar da ta wuce, har da wanda cinikinsa bai yiwu ba. Wannan na ƙarshen shi zai gaya maka ko an mayar masa da kuɗinsa cikin mutunci.

Sharhin da mutane ke rubutawa a intanet, fara karanta na masu ƙorafi. In mutum biyar da ba su san juna ba suka yi kuka a kan abu ɗaya, misali riƙe kuɗin ajiya, ka yarda da su. Yabo ashirin da suka sauka cikin mako guda, da kalmomi masu kama da juna, daga mutanen da ba su taɓa yin sharhi a kan komai ba, ba su da nauyin ko ɗaya daga cikin waɗancan.

Inda kuɗi ke bi

Nan ne ake yin asarar da ba ta dawowa. Kamfanin kirki yana da asusun banki na musamman don kuɗin abokan hulɗa, dabam da wanda yake biyan albashi da hayar ofis. Dalilin a fili yake: in kamfanin ya durƙushe ko masu bin sa bashi suka taso, kuɗinka ba ya cikin dukiyarsa. A Ingila tun 2019 dole masu dillancin haya da ke riƙe kuɗin mutane su shiga tsarin da ke lamunce wannan kuɗi. Duk wanda ya ce ka tura kafin alƙalami cikin asusunsa na kansa, ko na matarsa, ko na wani yaronsa "saboda na kamfani yana da matsala yau", ka tsaya nan. Kafin ka biya komai, a rubuta nawa ne, na mene ne, wa ke riƙe da shi, da sharuɗɗan mayarwa: in binciken takardu ya nuna matsala, in banki ya ƙi ba da rance, in mai gida ya fasa. Rasit ya ɗauki sunan kamfani, adireshin gidan, kwanan wata da sa hannu.

Akwai wata damfara da ko kamfanin gaskiya ba ya tsira daga gare ta. Ɓarayi su kutsa cikin imel ɗin dillali ko na lauya, su zauna shiru suna karanta saƙonni har ranar biya ta matso. Sai saƙo ya shigo maka da safe, da tambarin kamfanin, da sunan mutumin da ka saba magana da shi, da adireshin gidan daidai, yana cewa an canza asusu, ga sabuwar lamba, a daure a tura kafin ƙarfe biyu. In ka ƙura ido a kan adireshin da saƙon ya fito, wataƙila harafi ɗaya ne ya bambanta, wani lokacin ma babu bambancin ko kaɗan. Kada ka kira lambar da ke cikin saƙon. Kira wadda ka riga ka sani, ko ka taka da ƙafarka, a karanta maka lambar asusun ɗaya bayan ɗaya. Ka fara tura ɗan kaɗan, a tabbatar ya shiga, sannan sauran. Kamfanin da ya san aikinsa shi zai fara yi maka wannan gargaɗin tun ranar da kuka soma.

Lauya kuwa naka za ka ɗauka, wanda kai ke biyansa. Dillali zai ce yana da lauya mai sauri, da mai duba gini, da wanda zai nemo maka rance. Wataƙila ƙwararru ne, amma sau da yawa akwai ɗan kason da suke mayar masa a kan kowane mutum da ya kai, kuma mai duba ginin da ke cin abinci ta hannun dillali ba zai so ya zama mai kashe ciniki ba. Ka tambaya kai tsaye ko yana samun wani abu daga wurinsu. Karɓar ba lallai ta zama laifi ba, ɓoyewar ce laifi.

Aikin lauyanka shi ne ya je ofishin rajistar filaye ya duba asalin fayil: sunan wa ke kan takardar mallaka, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa, ko akwai bashin haraji. Sunan da ke takarda ya dace da katin shaidar wanda zai sa hannu. In wakili ne, a ga takardar wakilci, a tabbatar tana nan da ƙarfinta kuma ta ba shi ikon sayarwa, domin wata ta kula da gida ce kawai, a kuma yi magana da mai gidan kai tsaye ko ta bidiyo ne. In gidan gado ne, a ga takardar kotu da amincewar duk magada, don magaji ɗaya da ba a shawarta ba ya isa ya tsayar da kai shekaru. Safiyo ya auna iyaka ya gwada da taswira. A duba izinin gini, musamman in an ƙara bene ko ɗakuna. In gida ne a cikin dogon bene, a nemi lissafin kuɗin hidima na shekara biyu ko uku da duk wani babban gyara da aka riga aka yanke za a raba wa mazauna.

Yadda dillali ya karɓi wannan bincike shi ne babban ma'auninsa. Mai gaskiya yakan miƙo kwafin takardu tun ba ka gama tambaya ba, don ya san binciken zai wanke shi. Mara gaskiya sai ya ɓata rai, ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ya kawo maganar mutunci da girma. Haka nan, in kamfani ya nemi katin shaidarka ya tambayi asalin kuɗinka, kada ka ji haushi, dokokin hana halasta kuɗin haram ne suka ɗora masa a ƙasashe da yawa, kuma alama ce yana bin ƙa'ida. Wanda ya kamata ka guda shi ne mai ba ka shawarar a rubuta farashi ƙasa da na gaskiya don a rage haraji. Ya nuna maka yana iya sa hannu a kan ƙarya, kuma ranar da rigima ta tashi, kotu kuɗin da ke takarda za ta gani.

Ranar ganin gida

Ka lura da gidan, ka kuma lura da mai nuna maka shi. Kun shiga falo, fitilu duka a kunne da rana tsaka, labule a sauke, ƙamshi ya cika ko'ina. A ɗakin baya bango ɗaya ne kawai aka yi wa sabon fenti, daga ƙasa zuwa kamar tsayin gwiwa, an kuma jingina masa babban kabad. Ka sa tafin hannu a wurin. In ka ji sanyi, ko fentin ya kumbura yana ɓarewa, danshi ne ke tasowa daga ƙasa. Ɗaga kai ka duba kusurwar silin ko akwai tabo mai launin ƙasa. Buɗe famfo biyu a tare ka ga ƙarfin ruwa. Rufe ƙofofi ka ga ko suna cijewa, domin ƙofar da ta karkace tare da tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga na iya nufin harsashi yana motsi. Sannan ka juyo ka tambaye shi, "Me ya sami bangon nan?"

Amsa uku ce. Ya ce akwai danshi, an yi gyara kaza, ga takardar mai gyaran. Ko ya ce bai sani ba, zai tambayo ya turo maka a rubuce. Waɗannan biyun duka amsar mutumin kirki ce. Ta ukun ita ce ya yi dariya ya ja ka zuwa kicin ya nuna maka sababbin tayil. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, dillalin da ya shiga gidan sau goma shi ma ya sani. Ka koma a wani lokaci daban ba tare da shi ba, da dare ko bayan an yi ruwan sama, ka gaisa da maƙwabta ka tambaye su ruwa da wuta da hayaniya da tsaro.

Gaggawa ita ce makamin da aka fi amfani da shi. "Akwai wanda zai kawo kuɗi gobe da safe." A kasuwa mai zafi hakan na faruwa da gaske, don haka ba za a ce kullum ƙarya ba ce. Amma ƙirƙiro mai tayin da babu shi don a ɗaga farashi tsohuwar cuta ce, malaman fiƙihu suna kiranta najashi, kuma hadisi ya hana ta. Ka ce ya tabbatar maka a rubuce cewa akwai wani tayin kuma an miƙa shi ga mai gida. Ka yanke iyakarka tun kana gida, kada ka ƙetare ta a tsaye a tsakar gidan mutane. In kai ne mai sayarwa, ka sa a yarjejeniya cewa kowane tayi, komai ƙanƙantarsa, a kawo maka shi a rubuce cikin kwana ɗaya, saboda akwai masu danne tayi mai tsoka don su ba wa wanda za su ci la'ada biyu a kansa.

A harkar haya salon ya ɗan bambanta. Za ka ga talla da hotuna masu kyau da kuɗi ƙasa da na unguwar, ka kira, a ce wancan yanzun nan aka kama shi amma akwai wani. Wancan ɗin bai taɓa kasancewa ba, ƙugiya ce. Wasu kuma sana'arsu karɓar kuɗin ganin gida, su yi ta zagayawa da mutane gidajen da suka san ba za su karɓu ba. Mafi muni shi ne mai cewa yana wata ƙasa, a turo kuɗi ya aiko da makulli. Cinikin biri a sama ke nan. Hoton tallar ma kana iya saka shi a manhajar binciken hotuna, sau da yawa sai ka gan shi a wani birni da wani suna.

Wani abu da ba a cika ɗauka a matsayin rashin amana ba shi ne sakin baki. Dillali ya matso kusa ya rage murya ya ce, "Mai gidan bashi ya yi masa katutu, ko 80 ka taya zai karɓa." Za ka ji kamar ya yi maka alheri, alhali ya sayar da sirrin wanda ya ɗauke shi aiki ne a gabanka, naka ma haka zai kai wa wani. Haka wanda ke karkatar da mutane daga wata unguwa saboda ƙabila ko addini ko launin fata, ko ya ce gida ya tafi da ya ji sunan mai nema. Amurka ta haramta wannan tun 1968, kuma ko babu doka, zalunci ne.

Saura yarjejeniyar da za ka sa wa hannu da kamfanin in kai ne mai sayarwa, wadda ya kamata ka tafi da ita gida ka kwana da ita. Duba tsawon wa'adi: wata uku ya isa a ga kamun ludayin mutum, shekara guda ɗauri ne. Duba ko tana sabunta kanta in ba ka yi magana ba, da kwana nawa za ka ba da sanarwar fita. Duba bambancin ba shi izini shi kaɗai a cikin dillalai, da ba shi haƙƙin sayarwa gaba ɗaya, domin a na biyun ko kai ka samo mai saye da kanka sai ka biya shi. Duba yaushe la'ada ke wajaba. Ka nace sai kuɗi sun shiga hannu an miƙa takardu, kada ka yarda da "da zarar an kawo mai niyyar saye", don mai niyya yana iya fasawa a bar ka da bashi. A rubuta ko haraji yana cikin kason, da wanda zai biya kuɗin hoto da talla in gidan bai sayu ba.

Akwai kuma sharaɗin da ke biyo ka bayan an rabu, wanda ke cewa in wani da kamfanin ya taɓa kawowa ya sayi gidan cikin wata kaza, la'adarsu tana nan. Sharaɗin yana da hujja, yana hana mai gida da mai saye su zagaye dillali bayan ya gama wahala. Amma ka taƙaita shi zuwa wata uku ko shida, kuma ranar da yarjejeniya ta ƙare ka karɓi jerin sunayen waɗanda suka kawo, da kwanan watan da kowa ya zo, da sa hannunsu a ƙasa. In ba ka yi haka ba, ka ba wa sabon kamfani gidan ya sayar, tsohon yana iya fitowa ya ce mai sayen nasa ne, ka wayi gari ana bin ka la'ada biyu a kan gida ɗaya.